Yadda za ka zaɓi rumfa ka kafa ta a Zariya ba tare da iskar damina ta ɗauke ba

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, duk gidan da ba shi da inuwa a Zariya sai ya gane kurensa. Tsakar gida ba ta takuwa da ƙafa, ɗakin da ke kallon yamma ya ƙi shiguwa har bayan isha'i, mai shago kuma ya rasa inda zai baje kayansa. A daidai lokacin ne mutane ke rugawa wajen kafinta ko mai walda a yi musu rumfa cikin gaggawa. Matsalar ita ce lokacin nan dab yake da faɗuwar damina, kuma ruwan farko a ƙasar nan ba ya zuwa salin-alin, sai ya turo iska da ƙura a gaba. Shi ya sa kowace shekara ake wayar gari a ga kwano a kan titi, katako a gidan maƙwabci. Rana ce ke sa a yi rumfa, amma iska ce ke tantance wadda aka yi da kyau, don haka a duk matakin da za mu bi sai an tuna da su biyun.

Mataki na farko: bi sawun rana a gidanka

Kafin ka tambayi kuɗin kwano, ka ware yini guda ka duba inda rana ke faɗawa da hantsi, da azahar, da kuma bayan la'asar. Ka ɗauki gawayi ka shata iyakar inuwa a ƙasa ko a jikin bango a kowane lokaci. Uwargida ta fi kowa sanin wannan, domin ita ke jan tabarma da murhu tana bin inuwa, saboda haka a tambaye ta tun kafin a kira ma'aikaci.

Sai dai abin da ka gani yau ba shi ne na duk shekara ba. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakar ka: wajen 20 ga Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, da tsakar rana tana ɗan karkata arewa. Sauran watannin kuwa tana kudu, kuma a Disamba ne ta fi yin ƙasa. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kowane bango da irin rumfar da yake so.

Ɗauki taga mai tsayin ƙafa 4, a ce an maƙala rumfar dab da samanta. In tana kallon arewa, rumfar da ta fito ƙafa 1 zuwa 1 da rabi ta isa ta tare ranar azahar, sau da yawa ma bakin rufin gidan ya wadatar. In tana kallon kudu, ana bukatar kamar ƙafa 3 domin ta rufe ta har a cikin hunturu. Gabas ba ta cika damun mutane ba, tunda ranar safe ba ta gama zafi ba, bango kuma ya kwana ya huce.

Yamma ce uwar matsala. A watan Afrilu, da ƙarfe 4 na yamma, tagar nan mai ƙafa 4 tana bukatar rumfar da ta fito kamar ƙafa 5. Da ƙarfe 5 kuwa sai ƙafa 9, saboda rana ta sauko tana leƙowa ta ƙarƙashi. Ba wanda zai yi wa taga rumfa mai ƙafa 9. Maganin yamma shi ne abin da ke rataye: a yi rumfa madaidaiciya, sannan a saƙala asabari ko zana ko raga a bakinta, a sake da la'asar, a naɗe da magariba don iska ta shigo. Kuma a waje ake tare rana. Labulen cikin ɗaki haske ya fi hanawa, zafin ya riga ya ratsa gilashi.

Mataki na biyu: ina hadari ke fitowa, ina ruwa zai tafi

A nan hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa tsofaffin magina ke ƙara wa bangon gabas yaɓe da makuba. Rumfar da bakinta ke buɗe zuwa gabas, bayanta kuma a toshe da bango, ita ce ta fi shiga haɗari. Iska ba danna ta take yi ba. Shiga take ta ƙarƙashi, ta rasa mafita, ta ɗaga ta sama kamar yadda take birkice lema a hannun mai tafiya. Don haka nauyin kaya ba shi ne ƙarfin rumfa ba. Ƙarfinta yana wajen ɗauri: kwano a jikin katako, katako a jikin ginshiƙi, ginshiƙi a cikin ƙasa. Duk inda ɗaya ya yi sako-sako, ta nan za ta tashi. Masu jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano suna rage fargaba ne kawai, in iskar ta yi da gaske dutsen ma ya zama abin gudu.

Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. Zariya na samun kusan milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rumfa mai ƙafa 10 da 13, wato kusan murabba'in mita 12, za ta tara wajen lita 12,000 a damina ɗaya, duro 60 ke nan na lita 200. Tun yanzu ka yanke inda wannan ruwa zai sauka. Kada ya zuba a gindin katanga, musamman ta ƙasa, kada ya nufi bakin masai, kada kuma ya faɗa gidan maƙwabci. In ka sa masa indararo ya bi zuwa duro ko tanki, ka sami ruwan wanki. Ruwan farko dai a bar shi ya wuce, ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye yake wankowa.

Mataki na uku: zaɓen irin rumfar

Rumfar kara da zana ita ce ta iyaye da kakanni, kuma har yau babu wadda ta kai ta sanyi. Dalili shi ne kara da gamba ba sa riƙe zafi su sako maka a ka, iska mai zafi kuma tana fita ta tsakankaninsu. Ana kafa dirkoki, a gitta itace, a shimfiɗa karan dawa ko zana, a yi tanka, a ɗaure da igiya. Bayan kaka ne kayanta ke araha, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da aka gama girbi aka yanke gamba. Aibinta uku ne: ba ta tare ruwa sosai, gara na son ta, kuma wuta ba ta yi mata da wasa. Kada a kafa ta a kan murhu ko kusa da janareta, kada kuma a bi da wayar lantarki tsirara a jikinta. Duk shekara ko shekara biyu sai an sabunta saman. In an dace da azarar giginya a yi dirka da ita, domin gara ba ta cika iya mata ba. Da azara da ƙasa Babban Gwani ya gina tsohon Masallacin Juma'a na cikin Birni tun a ƙarni na 19. In babu, itacen turare ko gora sun yi, amma sai an kare gindinsu.

Rumfar kwano ita ce ta fi yawa, daga shagunan Sabon Gari da Tudun Wada har ƙofar gidajen Samaru. Tana tare ruwa, tana daɗewa, kowane kafinta ya iya ta. Amma duk wanda ya zauna a ƙarƙashin gajeriyar rumfar kwano da azahar ya san inuwa ce kawai ba sanyi, don kwanon na ɗaukar zafi ya feso shi ƙasa. Ana gyara wannan ta hanya uku. A ɗaga ta, gefen da ya fi ƙasa kada ya gaza ƙafa 8. A zaɓi launi mai haske, fari ko ruwan toka, a bar baƙi da shuɗi mai duhu komai kyansu. Sannan a yi mata shimfiɗa daga ciki: zana ko asabari ko silin, a bar tazarar inci 3 ko 4 tsakaninsu da kwanon don iska ta riƙa wucewa. A ganina wannan haɗi, kwano a sama zana a ƙasa, shi ne ya fi dacewa da tsakar gidan mai matsakaicin ƙarfi: ruwa ba ya shiga, kai kuma ba ya gasuwa.

Kwanon ma iri-iri ne. Akwai na bandir, mai falle 20, wanda siririnsa ke tsatsa cikin 'yan shekaru kuma ƙusa ke yaga shi in iska ta ja. Akwai dogon kwano na alminiyam da ake yanka maka daidai awonka, ba ya tsatsa, ba shi da gaɓa a tsakiya da zai yi yoyo. Kaurinsa ake tambaya. Ana sayar da mai milimita 0.45 da mai 0.55, akwai kuma waɗanda ba su kai haka ba. Don rumfar da iska za ta shiga ƙarƙashinta, kada ka sauka ƙasa da 0.45. Araha ba ta ado.

Sai roba mai haske, wadda masu sana'a ke kira da sunan samfurin Danpalon ko da ba shi ba ne. Tana da kyau a saman ƙofa da taga da baranda, inda ake son a tare ruwa amma kada ɗaki ya yi duhu. Kada dai ka ɗauka za ta ba ka inuwar zama. Garai-garai ɗin tana barin zafi ya wuce, gwamma mai duhu-duhu ko fara mai hazo. Tana da fuska ɗaya da aka yi wa maganin rana, ita ake juyawa sama, kuma akwai rubutu a ledar da ke manne da ita. In aka kifa ta baibai, ba ta jimawa take yin rawaya ta fara tsagewa. Akwai dogayen ramuka a cikinta, a sa su bi gangara, a kuma toshe bakinsu, in ba haka ba hunturu ɗaya ya isa ya cika su da ƙurar da ba mai iya fitarwa. Hujin sukuru a ɗan faɗaɗa shi, don robar na buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi.

Raga mai kauri, irin wadda masu renon tsirrai ke amfani da ita, mutane ba su ba ta haƙƙinta ba. Ana sayar da ita bisa yawan hasken da take tarewa, daga kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari. Don zaman mutane ko ajiye mota, a nemi mai 80 zuwa 90. Iska na ratsa ta, saboda haka ba ta zafi kuma hadari ba ya samun abin kamawa sosai. Ruwa dai zai zubo. Ita ce kuma ta fi sauƙin ratayawa a gefen yamma.

Tampol na wucin gadi ne, a ɗauke shi a haka. Rana na cinye mai arahar, ruwa na taruwa a tsakiyarsa ya yi ciki har ya karya sanda. Kanofin biki da suna da zaman makoki haya ake yi, kuma da an ga gabas ta haɗe a sassauta rufin ko a sauke. Akwai kuma rumfa mai naɗewa, ta yadi da hannayen alminiyam, da ake murɗawa ta fito ko ta koma. Tana da kyan gani a baranda, amma tana da tsada, kayan gyaranta ba a ko'ina ake samu ba, kuma tana bukatar wanda zai naɗe ta duk lokacin da hadari ya taso. In gidan yakan zama ba kowa da rana, ka haƙura da ita.

Wanda yake ginin sabon gida kuwa, ya sa magini ya zuba wa tagogin kudu da yamma hular kankare tare da linta. An gama ke nan, ba fenti ba tsatsa.

Mataki na huɗu: kafawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Janairu zuwa farkon Maris: ƙasa a bushe, ma'aikata ba su cika cunkoso ba, kankare kuma zai kama kafin hadarin farko. Mu ɗauki rumfar kwano a tsakar gida, mai ƙafa 10 da 13, tunda abin da aka koya a kanta ya shafi sauran.

A fara da awo. A kafa turaku a ja igiya, a tabbatar kusurwa ta miƙe ta hanyar auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan. In tsakanin alamomin biyu ya ba da ƙafa 5, kusurwa ta yi daidai. Tazarar ginshiƙai kada ta wuce ƙafa 8 zuwa 10, don haka gefen ƙafa 13 yana son ginshiƙi uku, ba biyu ba.

Ramin kowane ginshiƙi ya kai zurfin ƙafa 2, faɗi kamar ƙafa 1 da rabi. In ƙasar ciko ce, ko wurin na riƙe ruwa, a ƙara zurfi. In bututun ƙarfe za a sa, a nemi mai inci 2 da rabi ko 3, kaurin jikinsa aƙalla milimita 2, a kuma walda masa guntayen rodi a gicciye a gindi. Wannan ƙaramin abu shi ke hana iska zare bututun daga cikin kankare. Kwaɓin kuwa kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A tsayar da ginshiƙi da ma'aunin magina, a tokare shi, a ɗan tudunta kankaren a sama don ruwa kada ya kwanta a gindin ƙarfe. A bar shi kwana 3 kafin a ɗora masa komai, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda, domin iskar hunturu na busar da shi tun bai yi ƙarfi ba. A toshe saman bututun, kada ruwa ya taru a ciki ya ci shi ta ciki.

In katako ne, mafi kyau kada ya taɓa ƙasa sam. A zuba ɗan dandamalin kankare da ƙarfe a ciki, a ɗaure katakon a jikinsa da noti. Masu shafa baƙin mai a gindi suna jinkirta gara ne kawai, kuma ba a yin haka kusa da rijiya.

Wajen jingina da bango ne aka fi yin ganganci. Bulo cikinsa rami ne, ƙusar kankare ko ɗan gajeren noti ba su da abin riƙewa, girgiza kaɗan sai su fito. A nemi linta a huda, ko a ratsa bangon da dogon noti a sa faffaɗan ƙarfe ta ciki. Bangon ƙasa kuwa, irin na gidajen cikin Birni, ba a rataya masa komai. A kafa wa rumfar nata ginshiƙan a gefen bangon ta tsaya da ƙafarta. In rumfar za ta shige ƙarƙashin bakin rufin gidan, a bar ɗan sarari tsakaninta da bango: iska mai zafi za ta fita ta nan, iskar hadari ma ta sami mafita, bakin rufin kuma ya hana ruwa shiga. In ba rufi a samanta, dole a tsaga bango a cusa ɗan kwano a lanƙwasa ya rufe gaɓar. Cika wurin da siminti kawai ba ya wuce damina ɗaya bai tsage ba.

Gangara: kwanon bandir yana son saukar inci 2 a kowace ƙafa, wato a ƙafa 10 bambancin gaba da baya ya zama inci 20. Dogon kwano zai iya da inci 1. Ka lissafa wannan tun farko, don in gefen ƙasa ƙafa 8 ne, na sama zai kusa ƙafa 10.

Katakon da kwano zai hau a jera shi da tazarar ƙafa 2 zuwa 2 da rabi. Kowace mahaɗa tsakanin katako da ginshiƙi a naɗe ta da ƙarfen ɗauri ko a sa noti. Ƙusa kaɗai da aka buga daga sama tana zarewa ne ta hanyar da ta shiga, kuma can iska ke ja. A fara jera kwano daga yamma a nufi gabas in gangarar ta kalli kudu ko arewa. Abin da ake so shi ne bakin kowace haɗuwa ya juya wa gabas baya, don haka fallen da ke gabas shi ke hawa kan na yamma. Haɗuwar gefe ta kai tudun kwano ɗaya da rabi zuwa biyu, ta tsawo kuma inci 6. Ƙusa mai hula ko sukuru mai roba a kan tudu ake sa su, ba a cikin kwari inda ruwa ke bi ba. A tsakiya za a iya tsallake tudu, amma a bakin rumfa da kusurwoyi a buga a kowane tudu, nan iska ke fara ɓamɓara. Kada kwano ya zarce katakon ƙarshe da fiye da inci 3 ko 4. Ƙarfe kuma a shafa masa jan fenti mai hana tsatsa kafin a ɗora rufi, musamman wuraren walda, sannan a bi da fentin mai.

Jinga da maƙwabta

Kada ka ce wa ma'aikaci "a yi mini rumfa mai kyau" ka tafi. A zauna a rubuta tsawo, faɗi, kaurin bututu, kaurin kwano, zurfin rami da yawan ginshiƙai, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. In zai yiwu ku je kasuwa tare. Ba rashin yarda ba ne ka ce, "Malam, don Allah kafin a zuba kankare a kira ni in ga ramin." Mai sana'ar kirki zai ce, "Ba komai Alhaji, ai gara ka gani da idonka." A ba da kafin alƙalami daidai kayan da za a saya, a riƙe wani abu sai an watsa ruwa a kan rufin an ga inda yake bi.

In rumfar za ta fito waje, ta shago ce ko ta ƙofar gida, kada ta hau kwata ko ta ci hanya. Hukumar KASUPDA ce ke kula da tsarin gine-gine a jihar Kaduna, kuma abin da ya shiga titi ana iya sa a cire shi, don haka a bincika kafin a kashe kuɗi. A lungunan cikin gari akwai ma'aunin da kowa ya sani: a bar hanyar da amalanke zai wuce, a kuma iya fitowa da makara ba tare da an sunkuya ba. A nisanci wayar lantarki, ba a kafa rumfar ƙarfe a ƙarƙashin babbar waya. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, ya kuma sa a haɗa masa da noti maimakon walda, don ranar tashi ya kwance abinsa.

Duk shekara a cikin Maris a sa yaro mai hankali ko kafinta ya duba: ƙusar da ta ɗago a sauya ta da sukuru, wurin da ya fara tsatsa a goge a shafa fenti, a ƙwanƙwasa katako a ji ko gara ta shiga, a share indararo. Roba mai haske da ruwa da tsumma mai laushi ake wanke ta, goge ta a bushe na karce ta. Asabari da raga da ke rataye a yi musu igiyar ɗauri a ƙasa, kuma a koya wa yaran gida su naɗe su da zarar gabas ta yi baƙi.